Dokar Kawu a Tashar Sola

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwa? Yaya tarin Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai dai rana ta ƙona ni, in ka gan ni yanzu sai ka tambayi 'yar waye.

Na san waya ba za ta yi mana amfani ba. Kai jiniyar motar kwana-kwana ta gama da kunnenka tun kafin ka yi ritaya, ni kuma a nan sai na hau tudu kafin in samu sabis. Shi ya sa na roƙi direban tankar da ke kawo mana ruwa, tunda ta bakin layinku yake wucewa, ya riƙa ajiye maka takarda a shagon mai walda. In ka rubuta amsa ka bar ta a wurin.

Kawu, wurin nan sai wanda ya gani. Farantan sola ne layi-layi a kan ƙafafun ƙarfe, in ka tsaya a wannan bakin ba ka hango wancan. Da safe suna kallon gabas, su yi ta bin rana a hankali har yamma. Aikinmu mu wanke su da dogon burushi, don in sun yi datti wutar da suke bayarwa raguwa take yi. Babu hayaƙi, babu ƙara. Duk sanda na tuna janaretan mai walda da ke turnuƙe tagar Inna, sai in ƙara ƙarfin goga. An ce wutar da muke yi ta ishi babban gari.

Abin da zai ba ka dariya, tumaki ne masu yankan ciyawarmu. An ce da farko katafila aka sa ta yi wa filin aski tas, sai ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba a rafi, mutanen da ke shan rafin suka yi ta kuka. Shi ne aka bar ciyawa ta fito ta riƙe ƙasa, aka kuma hana fesa magani don kada ya gangara ruwan. Yanzu har zomaye da bushiya muke gani a inuwar farantan.

Mai tumakin wani dattijo ne, ba ma'aikacin kamfani ba ne, ƙofa kawai aka ba shi ta baya yana shigo da garkensa. Tare muke fakewa da rana. Da na ce masa kawuna tsohon ɗan kwana-kwana ne, sai da ya ajiye sandarsa. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da kowa ke gudu daga wuta shi yana gudu zuwa cikinta ba. Ya ce in gaishe ka da kyau.

'Yarka,
Gardama (tunda ka ƙi sakin sunan nan)

*

Gardama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, tarin Innarki ya ɗan lafa tunda janaretan ya lalace, kuma ina roƙon Allah kada a samu mai gyara shi. Mai walda ya tambaye ni yaya muke da ke. Na fara yi masa bayani cewa kakarki da uwata 'ya'yan wa da ƙani ne, kafin in kai ƙarshe ƙarfen da yake dukawa ya huce. Sai na ce masa yarinyar da ta yi makaranta a gidan nan ce, wadda in ka ce mata ruwa jiƙa yake yi sai ta ce ka kawo shaida. Nan take ya gane ki.

Na yi murna da aikin. Amma ba zan ɓoye miki ba, tunda na karanta takardarki hankalina bai kwanta ba. Ke zomaye kike gani, ni ciyawa nake gani a ƙarƙashin wayar lantarki, ga rani na tafe. Wanda ya tsara wannan abin bai taɓa ɗauko mutum daga cikin wuta ba. Ba na cewa a fesa guba a rafin mutane. Amma tumaki ba sa cin ciyawa da sauri kamar yadda wuta ke ci.

Don haka ki buɗe kunne, tunda ke naki na aiki. Doka ɗaya ce ta fitar da ni daga aikin nan da hannuna biyu da ƙafata biyu, ita na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. In gobara ta tashi a inda akwai lantarki, kada ki taɓa komai, kada ki zuba ko kofin ruwa, sai an sauke babban makunni. In an sauke shi, magana ta ƙare, waya ta zama igiya. A lokacin ki shiga ki ceci abin da za ki ceta, ba tsoro. Gobe-goben nan ki nemo inda makunnin wurinku yake, ki san hanyarsa ko ido a rufe. Ki haddace wannan, ki koya wa duk wanda ke kusa da ke.

Kuma ban yarda ki yi mini gardama a kan wannan ba. Ki gaishe da mai tumaki, ki ce masa mu ma tsoro muke ji, albashi ne ke tura mu.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Na ji daɗin labarin janareta, Allah ya ƙara masa ciwo. Ni lafiya lau, mura ce kawai ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Na karanta dokarka, na gode ƙwarai. Nan abubuwan sun ɗan bambanta da na cikin gari, kuma an yi mana bita ranar da muka fara aiki, amma na san kulawa ce ta sa ka rubuta. Kada ka sa damuwa a ranka.

Mai tumaki ya gan ni da takarda ya ce lallai sai na karanta masa. Da na zo wurin albashi ya yi dariya har da tari. Da na zo wurin doka kuwa ya ce in maimaita. Ya ce, “Wannan magana ce ta wanda ya sani.” Ya ce ai ya san makunnin, jan hannun nan ne da ke jikin babban akwatin ƙarfe a ƙarshen layi, yana ganin masu gyara suna sauke shi. Yanzu kullum sai ya tambaye ni ko Kawu ya aiko da wata. Ka yi ɗalibi a daji ba ka sani ba.

Gaskiyarka a kan ciyawa. Ta bushe ƙarau, in ka taka sai ta yi ƙara. Tumakin sun cinye ta gefen ƙofa, amma can ƙurya ta kai gwiwa, ga iska da ke tasowa da tsakar rana. An sa tarakta ta share hanya kewaye da shinge. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma in na ji ƙauri sai gabana ya faɗi, ko da na shayin masu gadi ne.

'Yarka,
Gardama

*

Gardama,

Salam. Muna lafiya. Ki bar duk abin da kike yi ki karanta wannan.

Dokar da na rubuto miki, ki goge ta daga kanki. Kada ki bi ta. Za ta kashe ki.

Kin tuna Dogo, wanda yake ɗaukarki a kafaɗa in kin kawo mini abinci wurin aiki? Ni na koya masa riƙe mesa. Jiya da tsakar rana wuta ta kama shagon magani na bakin titinmu. Ina tsaye ina kallo su Dogo suka zo, suka cire mita, suka sauke makunni, komai daidai yadda na koya musu, har ina gyaɗa kai. Dogo ya hau rufi da gatari zai buɗe wa hayaƙi hanya. Akwai farantan sola a kan rufin. Ya sari wata waya da ta tare shi. Gardama, da idona na ga wutar lantarki ta yi jifa da shi daga sama. Yana asibiti, bayansa ya karye, ba a san ko zai sake tafiya ba.

Na kama shugabansu na ce yaya aka yi, ai an kashe wuta. Ya yi ta magana ban ji ba, sai da ya rubuta mini a bayan kwali. Ya ce farantin sola ba ya jiran makunni. Muddin rana na dukansa yana yin wuta, wayar da ta fito daga jikinsa kuma a raye take ko an sauke komai. Makunni yana raba shi da gida ne kawai.

Faranti nawa ne a kan shagon magani? Ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ke kuma kin ce ba a hango ƙarshen naku. Na zauna a bakin kwata. Ni da hannuna na rubuta miki cewa waya ta zama igiya, ki shiga ba tsoro. Har na hana ki gardama.

In wuta ta tashi, ki gudu. Kada ki ceci komai. Ki gaya wa mai tumaki yau, ba gobe ba, ki ce Kawu ya ce dokarsa ba ta aiki a wurinku. Ki amsa mini da tankar da ta kawo wannan, ko da layi ɗaya ne.

Kawunki

*

Gardama,

Salam. Jiki lafiya, hankali ne babu. Innarki ta daina cin abinci sosai.

Shiru ya yi yawa. Kullum ina kan benci a shagon mai walda ina kallon titi, har ya fara ba ni aikin riƙe masa ƙarfe. Direbanku bai sake biyowa ba tun ranar da na damƙa masa waccan takardar. Na sa jikan maƙwabta ya kira lambarki, ya ce ba ta shiga. Na sake karanta taki ta ƙarshe, inda kika ce nan ya ɗan bambanta. Me kike nufi da ɗan? A ranar na ɗauka kina nufin makunnin ya fi na gida girma. Yanzu ban san me zan ɗauka ba.

Wani mai lodin kaya ya ce ya hango hayaƙi ta wajenku. Na ce masa wurin ba ya hayaƙi, 'yata ta gaya mini. Ya ce to shi dai ya gani.

Yau na tare wata tanka mai irin fentin taku, sabon direba ne, ya ce can za shi. Shi zan ba wannan. Don Allah ki amsa.

Kawunki

*

Kawu,

Salam. An yi gobara. Ina asibitin da ke kusa da mu, daga nan nake rubutu, direba na jira. Kada ka tayar da hankalin Inna. Zan rubuto in na samu kaina.

Gardama

*

'Yata,

Alhamdu lillahi kina numfashi. Mu ba mu da lafiya, ba za mu samu ba sai mun ji taki.

Rubutun naki ya karkace, ba haka kike rubutu ba. Da wane hannu kika yi shi? Ina ne ya ƙone? Kina iya tsayawa? Kin ce kada in tayar da hankalin Innarki, ai ita ta karɓo takardar, ta karanta a tsaye a tsakar gida ta zauna a ƙasa.

Na je duba Dogo, na ga yadda wutar nan ke yi wa mutum. Tana shiga ta ƙaramin wuri ta yi ɓarna a ciki. Kada ki yarda su sallame ki don fata ta yi kyau, ki ce su duba zuciya. Kuma ki gaya mini gaskiya, kada ki lallaɓa ni: kin sauke makunni kin shiga, ko? Maganata kika bi?

Na riƙe ki amana tun ranar da mahaifinki ya rasu uwarki ta kawo ki da jakar makaranta. Ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina ba Inna haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane ban yi ba. Ku yafe mini waccan takardar. A kan gwiwata na rubuta ta a barandar asibiti, ban lura na bar ku kuna zaton ni ce a kwance ba. Jinya nake yi. Mai tumaki ne a gadon.

Takardarka ta labarin Dogo ba ta iso ba sai bayan gobarar. Tsohuwar tankar ta lalace a hanya, takardar ta zauna a cikinta a gareji.

Da tsakar rana abin ya faru. An ce ɓera ne ya ci robar wata waya can ƙurya, tartsatsi ya faɗa ciyawa. Kafin mu ajiye burushi iska ta ɗauke ta. Aka busa usur, kowa ya nufi ƙofa kamar yadda aka koya mana. Mai tumaki ya koro garkensa, sun fita sai tunkiya ɗaya mai ciki, ta sarƙe a wata waya da ta ƙone ta zubo ƙasa, tana ta kuka. Na waiga na gan shi yana gudu, ba wajen ƙofa ba, wajen akwatin ƙarfe. Ya kama jan hannun nan da hannu biyu ya sauke shi. Ya juyo ya ɗaga mini hannu, Kawu, har da murmushi. Sannan ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin farantan.

Na yi ihu har muryata ta tsage, iska ta hana shi ji. Ina isa ya riga ya kama wayar. Da sandar burushi na buge hannunsa ta sake shi, masu gyara suka ja shi waje. Zuciyarsa ta tsira, an duba. Hannun dama ne likita ya ce ba zai sake riƙe sanda ba. Tunkiyar ta mutu.

Ka tambaye ni me nake nufi da ɗan bambanci. Ba ɗan ba ne. Na sani, Kawu. Tun ranar farko aka gaya mana cewa da rana ba a kashe farantan nan, aka sa muka maimaita. Da na karanta dokarka na gane ba daidai ba ce a nan. Na ɗauki biro zan gaya maka, sai na ji nauyi. Yaya zan ce wa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin wuta bai san wuta ba, ni mai wankin gilashi? Na ce a raina ai ni na sani, me zai ɓaci in na bar Kawu da dokarsa. Da mai tumaki ya ce maganar wanda ya sani ce, daɗi na ji an yabe ka, na yi shiru. Ban tuna cewa shi ba a yi masa bita ba, ta ƙofar baya yake shigowa.

An kashe wutar kafin ta ci rabin layukan ƙurya. Yanzu ana ta taro. Wasu na cewa a fitar da tumaki a koma fesa magani ko a kankare filin, tunda ba mai kiwo. 'Ya'yan mai tumaki suna nesa, an aika musu ba su iso ba. Masu gadi ne ke ba garken ruwa. In aka kori tumakin, ban san me zai tarar in ya fito ba, kuma mutanen rafi za su koma shan laka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Da ya farfaɗo, tunkiya ya fara tambaya. Sannan ya ce, “'Yata, in kin rubuta wa Kawu ki gaya masa sai da na sauke makunnin kafin in shiga. Kada ya ce ban bi doka ba.” Yana zaton shi ne ya yi kuskure a wani wuri, kullum sai ya tambaye ni ko bai sauke shi har ƙasa ba ne. In na buɗe baki sai in ce masa ya sha magani.

'Yarka

*

Gardama,

Wa alaikumus salam. Innarki ta ci abinci yau. Dogo ya motsa yatsun ƙafa, likita ya ce a ci gaba da addu'a.

Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba, don kin yi, kuma kin fi ƙarfin a yi miki wayo. Yarinyar da ta taɓa musa mini launin motar da nake tuƙawa, ranar da gardamarki za ta yi amfani sai kika koyi ladabi. Amma ni na rubuta dokar, ni na ce ki koya wa na kusa da ke, ni na rufe miki baki. Kaso mafi girma nawa ne, kada ki taɓa mini shi.

Kada ki gaya wa mai tumaki komai. Ba aikinki ba ne. Mutumin ya yarda da maganata bai taɓa ganin fuskata ba, to zai gan ta. Na yi magana da sabon direba, zai ɗauke ni a zuwansa na gaba. Ni zan tsaya a gaban gadonsa in ce masa ya sauke makunnin har ƙasa, ya yi komai daidai, wanda ya koya masa ne bai sani ba.

Ki gaya wa masu taron kada su yi saurin korar tumaki, akwai mai kiwo a hanya har 'ya'yansa su iso. Ban taɓa kiwon ko kaza ba, kuma rago ya taɓa tunkuyina ban manta ba. Amma ina iya tsayuwa a rana, kuma hancina yana jin ƙauri tun kafin na kowa. Ki ce su yi mini bitar nan tasu kafin in taka ƙofa, ta gaba ko ta baya, su rubuta da manyan baƙaƙe.

Ki tanadi takarda da biro ranar da za mu shiga wurinsa, ki tsaya kusa da ni. In na gama faɗa masa zai yi magana, ni kuma ba zan ji ba. Ke za ki rubuta mini abin da ya ce. Ko zagi ne, ki rubuta shi yadda ya fito, kada ki rage mini ko kalma ɗaya.

Kawunki